Makahon Kifin Kogon Chica da Sunan da Bai Ɗore Ba

A shekarar 1936 ne wani ɗan ƙasar Meziko mai suna Salvador Coronado ya shiga kogon Chica, a jihar San Luis Potosí, ya kamo waɗansu ƙananan kifaye farare masu ratsin ja, waɗanda fata ta rufe gurbin idanunsu. Aka aika da su birnin Dallas na Amurka, wurin wani ɗan kasuwar kifin ado, Basil Jordan. Kafin shekarar ta fita, Carl Hubbs da William Innes sun raɗa musu suna Anoptichthys jordani, suka ware su a matsayin sabon dangi mai zaman kansa. Ba za a ga laifinsu ba, domin a ido babu abin da ya haɗa wannan halitta da kifin rafi mai launin azurfa da ke yawo a ruwayen yankin.

Abin da ya ja hankalin 'yan kasuwa shi ne sauƙin kiwonsa a akwatin gilashi. In aka ƙosar da shi, aka ɗan ƙara ɗumin ruwa, sai macen ta watsa ƙwai da dare, su ƙyanƙyashe cikin kamar kwana guda. Wahalar ɗaya ce: iyayen suna cinye ƙwan, shi ya sa masu kiwo ke shimfiɗa raga a gindin akwatin. Kuma duk wanda ya zuba wa 'ya'yan ido zai ga abin mamaki, don kuwa da tsiron ido suke farawa, daga baya ya lalace, fata ta lulluɓe shi.

Wannan sauƙin hayayyafa shi ya kashe sunan. A shekarun 1950, wata masaniya Baturkiya, Perihan Şadoğlu, ɗalibar Curt Kosswig a Istanbul, ta haɗa barbara tsakanin kifin kogo da na rafi. Suka haihu, 'ya'yan su ma suka haihu, jikoki suka fito da idanu iri-iri, daga cikakku har zuwa shafaffu. Ashe jinsinsu ɗaya ne, wanda yau ake kira Astyanax mexicanus.

Gwajin da ya fi armashi, a ganina, ya zo daga baya. Horst Wilkens a Hamburg ya haɗa makafi daga kogwanni mabambanta, sai 'ya'yansu suka fito da idanun da suka fi na iyayen girma. A 2008 Richard Borowsky na Jami'ar New York ya nuna cewa waɗansu daga cikin irin waɗannan 'ya'ya suna iya gani. Dalili kuwa shi ne kowane kogo ta hanyarsa ya makance: ƙwayar gadon da ta lalace a nan tana da lafiya a can, sai abin da uwa ta rasa ɗan ya samu daga uba.

Galibin makafin da ake sayarwa a shagunan kifin ado kuwa zuriyar Chica ne, kogon da bincike ya nuna kifayensa sun daɗe suna cuɗanya da na rafi.