Ɗan jagora

Ɗan jagora shi ne mai ja wa makaho sanda, ya kai shi kasuwa, masallaci, gidan likita ko wurin suna. A ƙauyukanmu galibi yaron gida ne, ɗa ko jika, wani ma bai kai shekara goma ba. To nan matsalar take: duk safiyar da ya fita da kakansa, ya rasa lakwal ke nan.

Tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce a samar musu mai taimako don su shiga harkokin jama'a. Ba ta ce a ɗora wa yaro ba. Makahon da ya koyi tafiya da farar sanda yana zuwa masallacin unguwa shi kaɗai. In tafiyar da nisa, sai babba ya raka shi.