Tsakanin Shimfiɗa da Makewayi: Faɗuwar Tsofaffi da Fasalin Gidan Bahaushe

Tsakure: Maƙalar ta dubi faɗuwar tsofaffi a gidajen Hausawa, tana kafa hujjar cewa gyara gajeriyar hanyar da ta haɗa ɗaki da makewayi ya fi hana tsoho motsi amfani.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun nuna cewa kimanin mutum 684,000 ne ke rasuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne kan gaba. Rahoton hukumar na 2007 ya ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da ke sa faɗuwar tsoho ta zama babbar magana shi ne raunin ƙashi: karayar ƙugu kan jawo doguwar kwanciya, kwanciyar ta haifar da gyambo da ciwon huhu, sannan tsoron sake faɗuwa ya ɗaure mutum wuri ɗaya har ƙafafunsa su ƙara sanyi.

A gidan Bahaushe makewayi kan kasance can ƙuryar gida, nesa da ɗakin kwana. Dattijon da yawan fitsari ke tayarwa da dare, ko tsohuwar da ta fito alwalar asuba, sai sun tsallake dokin ƙofa, sun ratsa tsakar gida cikin duhu, sun kauce wa turmi da igiyar shanya da bakin rijiya, kafin su isa daɓen da ruwa ba ya bushewa, wanda gansakuka ke rufewa da damina. A can kuma masai na tsuguno ne, babu abin kamawa, alhali gwiwa ta gaji, yanar ido ta rage gani, maganin hawan jini yana iya kawo jiri idan an miƙe da sauri. Gyaran zamani ma yakan ƙara ɓarna, domin tayil mai sheƙi da 'ya'ya ke shimfiɗa wa iyaye don kyautatawa ya fi daɓen siminti santsi idan ya jiƙe. A kan wannan hanya ta ɗaki zuwa makewayi ne ya kamata kuɗin gyara su fara sauka: fitila mai cajin rana a bakin ƙofa, dokin ƙofa da aka rage masa tsayi, ƙarfen kamawa a bangon makewayi, kujera mai rami a kan masai, da dakalin zama don alwala da wanka.

Za a iya cewa tsohon Bahaushe ba ya zama shi kaɗai, don haka maganar ta Turawa ce. Gaskiya ne zaman gandu bai mutu ba, amma cirani da aikin birni sun kwashe matasa, kuma ko a gidan da ya cika da jikoki, kunya ba ta barin dattijo ya tashi surukarsa ta raka shi bayan gida da tsakar dare. Cikar gida ba ta tsare wannan sa'ar. Suka ta biyu ta fi nauyi. Bitar da ƙungiyar nazarin binciken lafiya ta Cochrane ta fitar a 2023 ta gano cewa kawar da abubuwan tuntuɓe a gida na rage yawan faɗuwa da kusan kashi 26 cikin ɗari, har zuwa 38 ga masu babban haɗari, sai dai akasarin gwaje-gwajen a ƙasashe masu arziki aka yi su. Ba za a ɗauko waɗannan lambobi a ɗora wa Kano ko Damagaram kai tsaye ba. Duk da haka, duhu da santsi da rashin madafa iri ɗaya suke kayar da mutum ko'ina, kuma tunda amfanin ya fi yawa ga masu babban haɗari, bitar ta nuna wa mai ƙaramin ƙarfi inda zai fara: gidan wanda ya taɓa faɗuwa.

Nijeriya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, shekarar da Cibiyar Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki. Hanya mafi kusa ta kai wannan manufa cikin gidaje ita ce ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa tambayar duk tsohon da ya zo awon jini ko ya faɗi a bana, in ya amsa da e, a bi shi gida tare da maginin unguwa a duba hanyarsa ta zuwa makewayi.