Darwin a Ajin Boko: Muhawarar da Ba Mu Taɓa Yi da Hausa Ba

Duk yaron da ya kai ajin ƙarshe na babbar sakandare a ƙasar nan, muddin yana ɗaukar darasin bayoloji, sai ya ci karo da wani babi can wajen ƙarshen littafi, inda ake kawo sunayen Lamarck da Darwin, ana bayanin yadda halittu suke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Babin yana cikin manhajar jarrabawar WAEC da ta NECO. Wannan yaro kuma, ko a nan Unguwar Boro yake ko a ƙetaren kogi a Tudun Wada, da an kaɗa ƙararrawa zai shiga darasin addini, inda za a karanta masa farkon Littafin Farawa in Kirista ne, ko a ba shi ƙissar Annabi Adamu (AS) in Musulmi ne. Ya rubuta wannan a takarda ɗaya, ya rubuta wancan a wata takardar, ya ci duka biyun, ya fita. Da wuya ka ji wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi yadda ya sulhunta su a zuciyarsa.

A wasu ƙasashen ba a bar maganar haka ba. A Amurka sai da ta kai gaban alƙali. A shekarar 1925 Jihar Tenesi ta yi doka ta hana koyar da cewa mutum ya samo asali daga wata halitta ta ƙasa da shi, aka gurfanar da wani matashin malami mai suna John Scopes a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Dokar ba ta faɗi ba sai a 1967. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke irinta ta Jihar Arkansas, a 1987 kuma ta soke ta Luwiziyana wadda ta ce in za a koyar da ra'ayin Darwin to dole a jera shi da labarin halitta na addini a aji guda. Har a 2005 sai da aka sake fafatawa a kotu a kan makarantun garin Dover. Shekara tamanin ke nan suna jayayya a bainar jama'a, kowane ɓangare da lauyoyinsa da littattafansa.

Ƙasashen Larabawa ma sun riga mu shiga wannan ruwa, kuma abin mamaki, 'yan mishan ne suka fara tayar da ƙura. Darwin ya buga littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a 1859. A 1882, a kwalejin mishan ta Bairut wadda daga baya ta zama Jami'ar Amurka, wani malami Edwin Lewis ya yaba wa Darwin a jawabin yaye ɗalibai, manyan mishan suka harzuƙa har ya bar aiki, ɗalibai kuma suka yi bore saboda shi. Malaman Musulunci na lokacin ba su yi baki ɗaya ba. Jamaluddin al-Afgani ya caccaki ra'ayin a raddin da ya rubuta wa masu ƙaryata gaibu a 1881. Shi kuwa Shaihu Husaini al-Jisr na Ɗarabulus ta Lebanon, a littafinsa na 1888, bai yarda cewa an tabbatar da ra'ayin ba, amma ya ce ko da an tabbatar, ba zai rushe imani da Mahalicci ba, domin Allah mai ikon yin halitta ne nan take ko mataki-mataki. Ko mun bi wannan ko mun bi wancan, sun dai zauna sun karanta, sun kuma rubuta amsa da harshen mutanensu.

To mu fa? Tarihin bokonmu ya ɗauki wata hanya dabam. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa a 1922, wadda ta dawo nan Kaduna a 1938 kafin ta koma Zariya, duk an gina su ne bisa taka-tsantsan kada a ce boko ya zo ƙwace 'ya'yan Musulmi. Bature yana neman akawu da malamin makaranta da ɗan sarkin da zai iya lissafin haraji, ba ya neman rigima da malaman zaure. A kudancin kogi kuwa, da sauran wuraren da aka bar wa mishan, makaranta da coci tagwaye ne. Kwalejin 'yan mata ta Katolika da ke Kakuri, wadda ta koma Kwalejin Sarauniya Amina bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a farkon shekarun 1970, misali ce a kusa da mu. A ɓangarorin biyu, sulhun da aka yi iri ɗaya ne: a raba jadawali, kimiyya da sa'arta, addini da sa'arsa, kowa ya tsaya a gonarsa.

Akwai wani yunƙuri guda da ya kamata mu marubuta mu riƙa tunawa. A ƙarshen shekarun 1940, Dokta Rupert East da Alhaji Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah a Kamfanin Gaskiya na Zariya, littafin da ya ba da labarin halittu iri-iri na cikin duniya da Hausa mai daɗi. Dubi sunan kawai. Mutanen nan sun san wanda suke rubuta wa, sun san cewa Bahaushe ba zai karɓi ilimin halitta daga hannun wanda ya fara da raina masa imani ba, don haka suka shigo masa ta ƙofar da ya saba. Abin takaici, hanyar da suka share ba ta samu mabiya da yawa ba. Kimiyya ta koma Turanci zalla, ta zama abin haddacewa don jarrabawa. Mu kuma da muka cika kasuwa da littattafan Hausa tun daga shekarun 1980, soyayya da kishi da rikicin gado muka fi bai wa ƙarfi. Ba laifi ba ne, amma gona ce muka bari ba shuka.

Gonar da ba a shuka ba kuwa, ciyawa ba ta neman izini. Muhammad Yusuf na Maiduguri, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, da Hausa ya yi wa'azinsa, a kaset da faifan bidiyo, ga matasan da wasunsu sun zauna a ajin bayolojin nan sun fito da tambayoyin da ba wanda ya amsa musu. A hirarsa da BBC da aka yaɗa a 2009, shekarar da aka kashe shi a hannun 'yan sanda, ya lissafa abubuwan da yake ganin sun saɓa wa addini a cikin boko: cewa ruwan sama daga tururin da rana ke tayarwa yake, cewa duniya ƙwallo ce, da kuma ra'ayin Darwin. Malamai sun tsaya masa. Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ya yi masa raddi kafin a kashe shi a masallacin Ɗorayi a Kano a watan Afrilun 2007, Malam Isa Ali Pantami kuma ya yi muƙabala da shi a Bauci a 2006 a kan halaccin boko da aikin gwamnati. Maganar ruwan sama da siffar duniya ba su da wuyar amsawa, tunda tun ƙarni na 11 Ibn Hazm na Andalus ya tabbatar da cewa duniya mulmulalliya ce, al-Biruni kuma har auna girmanta ya yi. Ta ukun ce mai ƙaya, kuma ita ce wadda galibin mutanenmu ba su taɓa jin bayaninta ba sai a jumla ɗaya, wai wani Bature ya ce kakanmu biri ne.

Alhali ba haka mutumin ya faɗa ba, kuma wanda zai ƙi magana ya kamata ya ƙi ta yadda aka faɗe ta. Abin da ya ce shi ne 'ya'yan kowace halitta ba su fitowa iri ɗaya sak, wasu sukan zo da siffar da ta fi dacewa da wurin da suke, sai su fi rayuwa su fi hayayyafa, a hankali siffar ta mamaye zuriyar. Wannan kashi na maganar muna ganinsa da idonmu. Kuloroƙwin da iyayenmu suka dogara da shi ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro saboda ƙwayoyin da suka jure shi su ne suka rage suka yaɗu, har Nijeriya ta sauya magani a hukumance a 2005. Jinin AS ya yawaita a ƙasashenmu ne saboda mai ɗauke da shi ya fi jure mummunan zazzaɓi yana ƙarami, ko da yake farashin abin shi ne 'ya'yan sikila. Manomin da ke ware zangarniyar gero mafi kyau don iri, shekara da shekaru, yana yin da hannunsa abin da Darwin ya ce yanayi na yi. Inda aka rabu shi ne da aka ce wannan sauyi, cikin miliyoyin shekaru, ya haɗa dukkan masu rai a tsatso ɗaya har da mutum, wato mutum da birai sun haɗa kaka na nesa. A nan ne mai imani da ƙissar Adamu zai tsaya, kuma tsayawarsa ba wauta ba ce. Cocin Katolika ma sai da ya yi dogon nazari: Paparoma Pius na 12 a 1950 ya ba da damar bincike a kan asalin jikin mutum, amma ya ce rai daga Allah yake kai tsaye. Turkiyya kuwa a 2017 cire babin ta yi daga manhajar sakandare.

A wannan shekarar ta 2017 mu ma mun yi tamu rigimar manhajar, amma ba a kan babin Darwin ba. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ce ta koka cewa an cusa darasin addinin Kirista da na Musulunci cikin wani darasi guda tare da ilimin zaman ƙasa, aka yi ta cacar baki har Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin a raba su. A gari irin Kaduna, inda kogi ya zama iyaka tun bayan rikicin 2000, kowa ya fahimci dalilin zafin. Muna sa ido ƙwarai a kan addinin wa aka fifita a jadawali, amma abin da ke gudana a kan yaron da ke zirga-zirga tsakanin azuzuwan biyu bai dame mu ba.

Wanda duk ya yi niyyar ɗaukar alƙalami a kan wannan batu daga cikin membobinmu, matsalar farko da zai tarar ita ce ta kalma. Masu fassara sukan ce "juyin halitta", amma kunnen Bahaushe in ya ji juyi, juyin mulki yake tunawa, abin da ake kwana a tashi a ga ya faru. Wasu sukan ce "rikiɗa", wadda ta fi muni, domin rikiɗa a wurinmu aikin maye ne ko mutumin da ke zama kura da dare, shi ya sa yara ke tambayar me ya hana biran gidan zu na Kano zama mutane har yau. Abin da ake nufi sauyi ne na sannu-sannu da ke faruwa ga zuriya, ba ga jikin dabba guda ba, kuma fiye da shekara saba'in bayan Ikon Allah ba mu tsayar da sunan da za mu kira shi da shi ba.