Ruwan Wankin Hoto da Tarihin Ƙasar Haɗeja

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tsawon ran hoto baƙi da fari ya rataya ne a kan ruwan da aka wanke shi da shi.

Tun 1880 aka gano amfanin haidarokinon wajen fito da sura a takarda, metol kuma ya biyo baya a 1891. Mai hoto yakan narka su tare da salfait da soda, watau sinadarin da ke cikin kanwar Barno. Bayan sura ta fito, sai ya tsoma takardar cikin ruwan gishirin haipo, don kada haske ya baƙanta ta.

To, amma an tsara wannan haɗi ne don zafin digiri 20, alhali a Guri da Haɗeja zafin bazara yakan haura 40, ga shi ruwan kogi ba ya rabuwa da laka. In kuwa ba a ɗauraye haipo sosai ba, sannu a hankali hoto yakan koma ruwan ɗorawa, fuskoki su dushe.

Saboda haka ya wajaba malaman tarihi su tattara hotunan sarakuna da masunta da ke ajiye cikin adakokin jama'a, tun kafin shaidar ta shafe.