Rijiyar Maƙwabci: Darasi Daga Birmingham da Manchesta

Ɗalibin da ya buɗe famfo a Birmingham, ruwan kwarin Elan na yankin Wales yake sha, wanda aka janyo tun 1904. Manchesta kuwa ta fara samun na tafkin Thirlmere a 1894. Amma masana'antu da dama a garuruwan biyu da rijiyoyinsu suka dogara, kuma a dokar Ingila ta wancan zamani mai fili na da ikon zuƙe ruwan da ke ƙarƙashinsa, ko da rijiyar maƙwabci za ta ƙafe. Shari'ar hukumar garin Bradford da Pickles ta tabbatar da haka a 1895.

A hankali ruwan ƙarƙashin Birmingham ya yi ta ja da baya. A Trafford Park ta Manchesta kuma ruwan gishiri ya taso ya ɓata rijiyoyi. Dokar Ruwa ta 1945 ta fara taƙaita haƙa a wasu yankuna, sannan ta 1963 ta kafa hukumomin koguna, ta wajabta lasisi ga mai ɗibar ruwa da yawa. Tun 1996 Hukumar Muhalli ke bayar da shi.

'Yan'uwa, mu waiwayi gida. Nijeriya na da Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, amma a Kano mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, talakan da ke maƙwabtaka da shi ya koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, tun akwai ruwan.