Gasar kotun gwaji: Yadda ɗaliban lauya ke koyon tsayuwa gaban alƙali

Kotun gwaji zama ne da ake shirya wa ɗaliban shari'a domin su yi muhawara a kan ƙarar da aka ƙirƙira, a gaban alƙalai na gaske ko malamai da lauyoyin da suka zauna a matsayin alƙalai. Ba a ɗaure kowa, ba a cin tarar kowa, amma ana bin ladubba da ƙa'idojin kotu kamar yadda suke. A nan ne ɗalibi ke fara sanin cewa haddace doka daban, iya kare ta da baki yayin da alƙali ke jefo tambaya daban.

Asalinta

Al'adar ta samo tushe ne daga Ingila. Tun a ƙarni na 15, zaurukan horar da lauyoyi na birnin Landan kan tara masu koyon aikin su yi jayayya a kan wata mas'ala a gaban manyansu, kuma hakan yana cikin sharuɗɗan zama lauya. Daga can ta bazu zuwa jami'o'in Amurka da ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, ciki har da Najeriya.

Ana yawan haɗa ta da shari'ar kwaikwayo, alhali akwai bambanci. A shari'ar kwaikwayo ana kiran shaidu, a yi musu tambayoyi, a gabatar da hujjoji kamar a kotun farko. Kotun gwaji kuwa ta fi kama da kotun ɗaukaka ƙara: babu shaidu, an riga an amince da abin da ya faru, saura kawai a tantance me doka ta ce a kai.

Yadda ake gudanar da ita

Masu shirya gasa kan fitar da labarin ƙarar watanni kafin zama. Da gangan ake tsara shi ta yadda kowane ɓangare zai sami abin kamawa, kuma kowane ɓangare zai sami rauni. Daga nan aikin ya kasu gida biyu.

Na farko shi ne rubutacciyar hujja. Tawagar kan duƙufa a kan dokoki da yarjejeniyoyi da hukunce-hukuncen da suka gabata, ta rubuta takardar mai ƙara, ta kuma rubuta ta wanda ake ƙara. Akwai iyakar yawan kalmomi da ranar miƙawa, wanda ya saɓa a rage masa maki.

Na biyu shi ne bayani da baki, kuma a nan ake gane gwani. Ɗalibi zai miƙe ya gabatar da kansa, ya fara jero hujjojinsa, amma ba a barinsa ya yi nisa. Alƙali na iya katse shi a kowane lokaci ya tambaye shi inda ya samo wannan magana, ko ya kawo masa hukuncin da ya saɓa wa matsayarsa. Wanda ya haddace jawabi kawai, a nan yake daburcewa. Ana duba sanin doka da iya amsa tambaya kai-tsaye da kiyaye lokaci da ladabi ga kotu. A yawancin gasanni tawaga ɗaya kan kare mai ƙara a wani zagaye, a zagaye na gaba ta koma kare wanda ake ƙara. Saboda haka ba a bai wa tawaga nasara don ɓangarenta ne ke da gaskiya a labarin, sai don ta fi iya kafa hujja.

Manyan gasanni

Mafi shahara ita ce gasar Jessup, wadda aka fara a 1960 a Jami'ar Harvard, aka kuma sa mata sunan Philip Jessup, masanin shari'a ɗan Amurka da ya yi alƙalanci a Kotun Duniya da ke Hague. Ƙarar takan kasance tsakanin ƙasashe biyu na ƙirƙira a gaban wannan kotu. Ana fitar da ita a watan Satumba, a miƙa rubutattun hujjoji a Janairu, a yi zagayen cikin gida, sannan waɗanda suka yi fice su haɗu a birnin Washington wajen Maris ko Afrilu. Tawaga ba ta wuce mutum biyar, kowane ɓangare yana da minti 45, kuma mutum biyu ne ke raba su.

A Afirka, Cibiyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria ta fara tata gasar a 1992. Daga baya aka sa mata sunan Farfesa Christof Heyns, wanda ya rasu a 2021. Ana zagayawa da ita ƙasa-ƙasa, ana kwaikwayon Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya, kuma ana muhawara da Ingilishi da Faransanci da Fotugis. A zagayen ƙarshe akan haɗa ɗaliban jami'o'i daban-daban, masu harsuna daban-daban, su zama ɓangare ɗaya.

Ta fuskar ciniki akwai gasar Willem Vis da ake yi a Vienna tun 1994. Ita rikicin saye da sayarwa tsakanin kamfanonin ƙasashe biyu take ɗauka, a warware shi a gaban masu sasanci maimakon kotu, bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1980 kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe. Irin matsalolin da ke cikinta sanannu ne ga duk mai shigo da kaya: an aiko da haja ba irin wadda aka yi alkawari ba, ko ta iso a makare, ko an ƙi biyan kuɗi.

A Najeriya

Ɗalibin lauya kan shafe shekara biyar a jami'a kafin ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Bwari da rassa da suka haɗa da na Bagauda a Kano da na Yola. Tun daga jami'a tsangayoyin shari'a ke shirya zaman gwaji, kuma daga nan ake tace waɗanda za su wakilci makaranta a waje. A makarantar lauyoyi ma zaman gwaji na cikin horon da ake bayarwa.

Riba da wahala

Shiga gasa na cin lokaci, domin watannin shiri kan faɗo a tsakiyar zangon karatu da jarrabawa. Akwai kuma kuɗin rajista da na jirgi da masauki da neman biza, abin da kan hana tawagar da ta cancanta zuwa idan ba ta sami mai ɗaukar nauyi ba. Jami'ar da ke da wadataccen ɗakin karatu da tsofaffin 'yan gasa masu horarwa tana shiga da fifiko tun kafin a fara.

Duk da haka ribar a bayyane take. Ɗalibin kan fita da iya bincike da rubutu mai tsari, kuma ofisoshin lauyoyi da masu ba da gurbin ƙaro karatu suna la'akari da hakan. Mafi muhimmanci, ya saba da gina hujjar abokin hamayya da hannunsa. Ranar da ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya kawo masa ƙara ta gaske, zai iya hango ta inda za a ɓullo musu, ya kuma faɗa wa mai ƙarar gaskiya tun da wuri idan sulhu ya fi masa zuwa kotu.