Makwancin Yaro Bayan Yaye: Nazari Daga Unguwar Gano

Likitocin yara a Amurka suna da ma'auni na fitar da yaro daga gadon jariri mai shinge: idan tsawonsa ya kai santimita 89, ko ya fara haurawa, a mayar da shi babban gado. Ma'aunin yana da amfani, sai dai bai dace da yadda ake kwana a Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi a Kano ba. Gidajen da suka sayi gadon jariri ma, sau da yawa ƙarshensa ya zama ma'ajiyar zannuwa, yaro kuwa a gefen uwa yake kwana. Sauyin makwanci a nan yaye ne ke kawo shi, wajen shekara biyu, ko kuma sabon ciki.

A al'ada kaka ce ke karɓar ɗan yaye, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana a littafin Mary Smith na 1954. A wancan zamani yaro kan sauka a tabarma, ba inda zai faɗo. Yanzu kuwa gadon ɗakin amarya dogo ne, katifa mai kauri, ƙasa siminti ko tayil. Yaro mai juyi cikin barci, idan aka kwantar da shi a bakin irin wannan gado, da ka yake sauka, domin kansa na da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa. A ganina katifa a ƙasa, nesa kaɗan da bango don kada ya maƙale, ta fi duk wani gado da kafinta zai haɗa. Saman gado mai hawa biyu kuwa ba na yaron da bai kai shekara 6 ba ne.

Babban haɗarin da aka fi mantawa shi ne rashin gidan sauro. Muddin yaro yana gefen uwa, yana cikin nata. Ranar da aka shimfiɗa masa a ƙasa tare da yayye, ya fita daga ciki, a daidai shekarun da zazzaɓin cizon sauro ya fi kashe yara. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba maganin kariya ga yara daga wata 3 zuwa 59 a lokacin damina, kuma ana bi gida-gida da shi a Kano, amma wannan bai ɗauke wa kowa ɗaura gidan sauro ba. A kafa ƙusa tun kafin daren farko, a cusa gefen a ƙarƙashin katifa. Igiyar leƙo a kusa da shimfiɗa hayaƙi ce ga ƙirji, kuma hanyar gobara ce.

Sai abin da ke biyo bayan 'yancin tashi. Yaron da ba shinge zai farka da asuba, Mama na salla, ya bi ɗaki yana bincike. A gidan haya mai ciki da falo zai tarar da bokitin ruwa a buɗe, da kalanzir a kwalbar lemo, da ƙwayar maganin Baba a kan durowa. Ruwa kaɗan a gindin bokiti ya isa ya halaka yaron da ya kifa ciki. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kusa a titin Zariya, amma nutsewa mintuna kaɗan take ɗauka, kafin a samu adaidaita. Murfi a kan bokiti da sakata a saman ƙofa, inda hannunsa bai kai ba, su ya kamata su riga sabuwar katifa shiga ɗaki.